Wata Mata da Gwaggo Ta Sani

"Ba da gindin kofi ake murƙushe ƙwaya ba," in ji Gwaggo daga kan gado, idonta a rufe. "Cokali biyu. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Gindin kofi rabin maganin yake sha."

Matar Direba ta saki kofin, ta riƙe ƙugu.

"Ji min tsohuwa! Numfashi ma da ƙyar, amma ba a fasa ba da darasi ba. Ke ko likitan nan sai da kika nuna masa yadda ake riƙe allura."

"Ai bai iya ba ne."

Mai Kitso ta fashe da dariya. Shiru-Shiru ta matso. Ta ɗauko cokali na biyu, ta danne ƙwayar har ta zama gari, ta ɗiga ruwa, ta tallafo kan Gwaggo ta ba ta. Tsohuwar ta haɗiye, ta yamutsa fuska, ta dafa bayan hannun Shiru-Shiru.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakiya, igiyar shanya ta ratsa daga wannan bango zuwa wancan. Gwaggo ta fi kowa daɗewa a ciki. Tela ce, kekenta na nan bakin taga, yanzu an lulluɓe shi da tsohon zani. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, kuma tun da asibiti suka ce a mayar da ita gida ta huta, matan gidan suka raba jinyar a tsakaninsu. Shiru-Shiru, matar Akawu, ita ta fi kowa zama. Sunan ya bi ta ne tun zuwanta, don sai ta yi wuni a tsakar gida ba a ji muryarta ba. Mahaifiyarta na nesa, karatunta bai yi nisa ba, kuma duk abin da ta iya na zaman aure da zaman haya, a gindin keken nan ta koye shi. Kada ta sayi yadi da yamma, hasken yamma na ɓoye aibi. Ta wanke tukunya tun da ɗuminta. Kada ta tare miji da magana a bakin ƙofa, ta bari ya cire takalmi ya sha ruwa.

In maganar ta fi ƙarfin tukunya da yadi, Gwaggo ba ta cewa yi kaza ko bar kaza. Sai ta ci gaba da taka keke, ta ce, "Akwai wata mata da na sani." Daga nan ta ba ka labarin matar, abin da ya same ta da yadda ta yi. Ba ta taɓa faɗin suna ba. Kai ne za ka tashi da maganinka a hannu.

Shiru-Shiru ta taɓa zuwa da irin wannan magana sau ɗaya. Mijinta akawu ne a siton wani kamfani, shi ya sa kowa ke ce masa Akawu, har yaran maƙwabta. Aka rage ma'aikata, aka sallame shi. Ranar ya rufe ƙofa ya gaya mata, ya sa ta rantse ba mai ji, ko mahaifiyarta. Ya ce shi kaɗai ne mai aikin ofis a gidan nan, shi ake kawo wa takarda ya duba, ba zai zauna tsakar gida cikin mata yana korar ƙuda ba. Kullum da safe sai ya sa riga mai guga, ya ɗauki jaka, ya tafi tashar jirgin ƙasa. Akwai benci a ɗakin jira ƙarƙashin fanka, nan yake wuni yana duba jarida ko za a nemi akawu, da yamma ya dawo tare da masu tashi aiki.

Ta riƙe abin har ya fara hana ta cin abinci. Wata rana ta kai wa Gwaggo gyaran riga, tana miƙa rigar hawaye suka zubo. Ta faɗi komai, ta kuma faɗi rantsuwar.

"Akwai wata mata da na sani," in ji Gwaggo. "Mijinta ya yi fushi da duniya, ya sa ƙafa ya tafi, ba sallama ba saƙo. Ita kuwa duk mako sai ta fito da rigunansa da wandunansa, masu tsabta, ta wanke ta shanya inda kowa ke gani. Aka ɗauka yana zuwa yana komawa. Da ya gaji da yawo ya dawo, ya tarar da wurinsa yadda ya bar shi, ba mai kallonsa da gefen ido. Suna nan tare har yau. Namiji in ya faɗi, 'yar nan, wurinsa ake tsare masa har ya tashi."

Tun daga ranar, Shiru-Shiru ta riƙa fito da takalman Akawu bakin famfo da sassafe, ta goge su a gaban kowa, ta zuba masa abinci a kula. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, ta ɗaga murya: "Yallaɓai, za ka makara fa!" Shi kuma ya fito yana gyara wuyan riga. A cikin ɗaki har dariya suke yi wa abin. Shi ne kaɗai abin dariyar da ya rage musu.

Maganin ya kama Gwaggo, ta yi shiru. Matan uku suka zauna a tabarma gefen gado, suna magana ƙasa-ƙasa. Rana ta karkata, inuwar igiyar shanya ta shigo har bakin ƙofa.

"Ni dai ban san wurin wa za mu ba in ta tafi," in ji Mai Kitso tana goge ido da gefen mayafi. "Wallahi ba don ita ba da tuni na bar gidan nan. Lokacin da kasuwar mutumina ta karye, kullum sai na zazzage masa kwandon rashin mutunci. Na ɗaure kayana na shigo in yi mata sallama, ta ce in zauna. Ta ba ni labarin wata baiwar Allah da aka kori mijinta daga aiki, amma kullum ta goge masa takalmi, ta cika masa kula, har da ɗaga murya wai za ka makara, alhali tasha kawai yake zuwa ya zauna a benci. Na ce yanzu akwai mace irin wannan, ni kuma ina..."

Matar Direba ta taka mata ƙafa.

Mai Kitso ta dubi ƙafar, ta dubi Matar Direba, sannan ta dubi Shiru-Shiru. Bakinta ya tsaya a buɗe.

"Au. Ai wata ce can. A wata unguwa. Ta daɗe ma da..."

"Rufe mana baki, don Allah," in ji Matar Direba.

Shiru-Shiru ta sunkuyar da kai. Cokalin nan biyu na kan cinyarta, ta zuba musu ido.

"Tun yaushe?" ta ce.

"'Yar nan, ba wanda ya yi miki dariya. Na rantse miki. Sai ma yabo," in ji Matar Direba.

"Tun yaushe, Yaya?"

"An ɗan jima."

"Har maza?"

Matar Direba ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce ta bar wanki a igiya. Mai Kitso ta ce ita ma tana da mai jiran kitso. Suka fita suna ture juna a ƙofa.

Shiru-Shiru ta zauna. Safiya bayan safiya suka riƙa dawo mata: ita tsugune bakin famfo da burushi, mata na jiran layin ruwa, kowa ta sunkuyar da kai kan bokitinta. Ta ɗauka ba su kula ba ne. Ashe kunyar kallonta suke ji.

"Na ji ku," in ji Gwaggo.

Idonta a buɗe yake, yana kallon silin.

"Gwaggo, na gaya miki ya rantsar da ni."

"Ban faɗi suna ba. Ban taɓa faɗin sunan kowa ba."

"Mace nawa ke goge takalmi a bakin famfon nan? Mace nawa ke cewa za ka makara?"

Ƙirjin Gwaggo na hawa yana sauka.

"Da kayanta a ɗaure ta shigo," ta ce. "Ga yara ƙanana. Me zan ba ta? Ni ban yi karatu ba. Aurena ma bai je ko'ina ba, balle in ce ga yadda na yi. Abin da kuka kawo min shi nake da shi. Ragowar ƙyallen wannan, in yi wa waccan faci da shi. Haka na yi aikina duk rayuwata."

"Ba ragowa ba ne. Ajiya na ba ki."

"Ke ma da na wata na yi miki. Mai shanya kayan miji. Kin taɓa tambaya ta ko wace ce?"

Shiru-Shiru ta juya. Ta ƙofa tana hango Matar Direba a tsakar gida, tana sauke manyan wanduna daga igiya tana ninkewa a kafaɗa. Mijinta direban doguwar tafiya ne, in ya yi mako ba a gan shi ba, ba mai tambaya.

"Shi ma ba naki ba ne, Gwaggo."

"Ya riƙe ki ko bai riƙe ki ba?"

Shiru-Shiru ta ajiye cokalin nan biyu. Ta tashi ta nemi mayafinta.

"Ba ni ruwa, 'yar nan."

Ta tsaya. Sannan ta dawo, ta tallafo kan tsohuwar, ta kai kofin gefen baki yadda ba za ta ƙware ba, ta jira ta haɗiye, ta goge mata haɓa. Ta juya ta ɓangaren dama, ta sa matashi tsakanin gwiwoyinta. Duk yadda Gwaggon ta koya mata ta yi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Gwaggo ta nemi hannunta, ta janye. Ta ja ƙofa ta fita.

Da gari ya waye, a cikin ɗaki ta goge takalman.

"Yau ba za a ce min zan makara ba?" in ji Akawu yana sa maɓalli. "Ko an ƙara min girma, na zama mai zuwa lokacin da ya ga dama?"

"Maƙogwarona ke ciwo."

"Jinyar nan ce. Ki riƙa hutawa, ba ke kaɗai ce a gidan ba."

Maganar na bakinta. Ta dube shi yana taje kai a ɗan madubin bango, yana karkata fuska hagu da dama, ta kasa. Ta ce a ranta sai ya dawo, sai ya cire takalmi ya sha ruwa. Ya ɗauki jaka da kula ya fita. Ta bayan labule ta ji Direba, wanda ya dawo daga tafiya jiya, yana wanke baki a bakin famfo.

"Akawu manyan ƙasa! A gaida ofis!"

"Ofis zai ji," in ji Akawu da fara'a.

Shiru-Shiru ta zauna bakin gado ta toshe kunnuwanta.

Da hantsi Matar Direba ta ƙwanƙwasa.

"Tana kiranki."

"Kaina ke ciwo, Yaya."

"Ta ce mu ba mu iya juya ta ba, kamar buhu muke juya ta."

"Ku sa matashi tsakanin gwiwoyinta."

Matar Direba ta daɗe a tsaye bayan labulen. Shiru-Shiru na ganin ƙafafunta. Ta so ta ce mata, ni ma na san naki, na san wandunan da kika yi ta wankewa masu tsabta. Ba ta faɗa ba. Ƙafafun suka juya.

Rana ta ɗan gota tsaka sai kukan Mai Kitso ya tashi. Shiru-Shiru ta fito ba takalmi. Ta tarar an riga an ja wa Gwaggo mayafi har ka. Ƙafa ɗaya ta leƙo ta ƙasa, ƙarama, dunduniyar ta yi kanta saboda taka keke. Ta ja mayafin ta rufe ta.

"Ba ta sha wuya ba," in ji Matar Direba. "Ƙofa kawai take ta kallo."

Gida ya rikice. Wannan na neman wayar ɗan ƙanin Gwaggo da ke wani gari, wancan na aika a kira masu ɗakunan da suka fita. Direba ne kaɗai namiji a gidan, yana ta shiga yana fita da makullin mota a hannu.

"Wayar Akawu ba ta shiga," ya ce. "Shi ya san kan takardun asibiti. Bari in ɗauko shi."

Kafin Shiru-Shiru ta buɗe baki ya fice. Ta ji tashin mota. Ta tsaya riƙe da ƙyauren Gwaggo tana lissafin hanya. Kamfanin na can ƙarshen gari, bayan gada, in can ya nufa zai daɗe, a ce masa ba a san da wani Akawu ba, ya dawo shi kaɗai, ita kuma ta san ƙaryar da za ta yi. Tasha kuwa ga ta nan bayan kasuwa.

Ko ruwan da Mai Kitso ta ɗora bai tafasa ba motar ta dawo.

Direba ya shigo yana magana, yana lissafa abin da za a yi. Akawu na bayansa, jaka a hannu, kula a ɗayan. Rigarsa ba ta ko yamutse ba. Ya bi matan da ke tsakar gida da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sunkuyar da kai. Matar Direba ta dubi mijinta, sai a lokacin ya yi shiru, ya dafe ƙeya. Akawu bai dubi matarsa ba. Ya ajiye jakar a bakin ƙofarsu, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Ina takardun?"

Shi ya yi ta zirga-zirga har aka kai Gwaggo aka dawo. Da yamma ya shigo ɗaki, ya zauna, ya cire takalmi. Ƙasa ta ɓata su har sama. Shiru-Shiru ta kawo ruwa ta durƙusa. Bai karɓa ba.

"Ina zaune," ya ce, muryarsa a kwance, "sai ga Direba. Ko waige-waige bai yi ba. Ɗakin jira cike da mutane, amma kai tsaye ya nufo bencin da ke ƙarƙashin fanka. Ya ce tashi, Gwaggo ta rasu. Har muka shiga mota bai tuna ya kamata ya yi mamakin ganina a can ba."

Ta ajiye kofin a ƙasa.

"Mutum ɗaya na gaya wa a duniya," ya ce.

"Ni ma mutum ɗaya na gaya wa."

"Wa?"

Ta kalli bangon da ya raba su da ɗakin Gwaggo. Ya bi idonta. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"To. Ita ta tafi, ba mai tambayar ta. Saura ni da zan fita gobe."

"Abin ya yi min nauyi ne. Ba ni da uwa a kusa. Na ɗauka..."

"A hanya har yana ce min akwai gurbin mai yanka tikiti a wurinsu. Wai ya daɗe yana neman yadda zai gaya min. Ya daɗe! Ni kuwa ina fitowa ina gyara wuyan riga, a ce a gaida ofis, in ce ofis zai ji. Yaran gidan nan ma sun sani?"

"Ban sani ba."

"Ke yaushe kika san sun sani?"

"Jiya."

"Jiya." Ya gyaɗa kai. "Kika goge min takalmi yau, kika miƙo min kula, kika bar ni na fita."

Ta so ta ce an ci amanarta ita ma, ta so ta ce tun jiya ba abin da ya shiga cikinta, amma ta ga duk abin da za ta faɗa game da Gwaggo, shi zai iya faɗa game da ita. Ita ma ba da mugunta ta yi ba. Ita ma ta ga kamar ba wanda zai ji.

"Da kike ɗaga murya wai zan makara," ya ce, "wa kike yi wa?"

"Kai."

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya kwanta da kayan jikinsa, ya juya fuska bango. Abincin da ta ajiye masa ya huce a rufe.

Washegari ba a yi guga ba, ba a taɓa takalmi ba. Akawu na kwance idonsa biyu. Shiru-Shiru ta ɗaura zani ta fita. An kwashe kayan ɗakin Gwaggo an tara a bakin ƙofa, a saman tulin akwai babban bargonta mai kauri, wanda kowa ke ratsewa saboda warin jinya. Ta ɗauke shi, ta jawo baho zuwa bakin famfo.

Matan da ke layin ruwa suka yi tsit. Mai Kitso ta janye bokitinta ta ba ta wuri. Shiru-Shiru ba ta gaida kowa ba. Ta jiƙa bargon, ta sa sabulu, ta shiga ciki da ƙafa tana takawa, ruwan na fitowa baƙi. Ta zubar, ta sake tara wani, ta sake takawa, har ruwan ya fara fita fari. Da ta zo matsewa, bargon ya sha ruwa ya fi ƙarfinta. Ta ɗaga gefe ɗaya, ɗayan ya koma cikin baho.

Matar Direba ta matso. "Kawo in kama miki."

"Bar shi, Yaya."

Ta sake ɗagawa, ya sake suɓucewa, ya fantsama mata ruwa har fuska.

Labulen ɗakinsu ya motsa. Akawu ya fito da singileti da tsohon wando, silifa a ƙafa, a lokacin da bai taɓa kaiwa a gida ba ranar aiki. Ya ratsa ta gaban matan, ya ce, "Ina kwananku," suka amsa a tare da sauri. Ya sunkuya ya kama ɗaya gefen bargon, ya ja baya har ya miƙe tsakaninsu. Bai dubi fuskarta ba, hannuwanta yake kallo.

"Riƙe da kyau," ya ce.

Ta riƙe. Shi ya murɗa dama, ita ta murɗa hagu, ruwan ya yi ta zuba a kan siminti a tsakaninsu, yana gangarawa zuwa magudana.